Gani Ya Kori Ji: George Orwell da Littattafansa Kan Mulkin Kama-Karya



  Yau tarihi za mu ɗan leƙa, tarihin wani marubuci Baturen Ingila da ya bar duniya tun shekarar 1950, amma har gobe sunansa ne ke fara zuwa bakin mutane a duk lokacin da aka ɗauko zancen mulkin kama-karya. Sunansa George Orwell. Na tabbata da dama daga cikinku sun karanta littafinsa Animal Farm a makarantar sakandare, ko kuma fassararsa ta Hausa, Gandun Dabbobi, wadda Bala Abdullahi Funtuwa ya yi, aka buga a 1975. Wasu kuma sun ji labarin ɗaya littafin nasa, Nineteen Eighty-Four, wanda aka fi sani da 1984.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fahimci irin mulkin da ake magana a kai. Azzalumin sarki na zamanin da, harajinka da biyayyarka yake so; in ka biya, ka kama bakinka, sau da yawa ya ƙyale ka. Amma mulkin da ya bayyana a ƙarni na 20, a Tarayyar Sobiyet ƙarƙashin Stalin da kuma Jamus ƙarƙashin Hitler, ya zarce nan nesa ba kusa ba. Jam'iyya ɗaya ce ke riƙe da jarida da rediyo da makaranta da kotu da kasuwa, kuma shirunka bai ishe ta ba, sai ka yarda da ita har cikin zuciyarka, ka manta abin da ta ce ka manta.

Abin mamaki shi ne, Orwell bai taɓa taka ƙasar Rasha ba. Marubucin nan na ƙasar Polan, Czesław Miłosz, ya ambata a wani littafinsa na 1953 cewa waɗanda suka samu karanta 1984 a ɓoye a gabashin Turai sun yi ta al'ajabin yadda wanda bai taɓa zama a Rasha ba ya san rayuwarsu haka. To, ina ya samo wannan sani? Amsar da na gamsu da ita ita ce: a rayuwarsa ya same shi. Ya taɓa zama mai riƙe da bulala, ya taɓa zama cikin waɗanda ake taka wa, sannan ya taɓa zama wanda 'yan ɓangarensa suke farauta. Bari mu bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya.

Yaron Daular Birtaniya

Sunansa na yanka Eric Arthur Blair. An haife shi ranar 25 ga Yunin 1903 a garin Motihari da ke ƙasar Indiya, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Mahaifinsa ma'aikaci ne a sashen gwamnati mai kula da noman ofiyom, ƙwayar nan mai bugarwa da ake sayar wa ƙasar Sin. Wato tun daga haihuwa, abincin gidansu daga hannun mulkin mallaka yake fitowa. Yana ɗan shekara guda mahaifiyarsa ta koma da shi Ingila.

Yana da shekara 8 aka kai shi wata makarantar kwana mai suna St Cyprian's, inda aka yi wa iyayensa rangwamen kuɗi saboda ƙoƙarinsa, alhali yawancin yaran 'ya'yan masu hannu da shuni ne. Shekaru da yawa bayan haka ya rubuta doguwar maƙala kan wannan makaranta, ya ba da labarin yadda aka yi masa bulala saboda fitsarin kwance, abin da ba shi da ikon hanawa. Darasin da ya ce ya ɗauka shi ne, ya tsinci kansa a duniyar da ake kafa maka dokar da ba za ka iya kiyayewa ba, sannan a hukunta ka, har kai ma ka yarda cewa kai mai laifi ne. Wasu abokan karatunsa sun ce ya zuzuta, amma duk wanda ya karanta 1984 zai gane wannan yanayi. Daga nan ya samu tallafin karatu zuwa Eton, makarantar 'ya'yan manya, daga 1917 zuwa 1921.

Ɗan Sanda a Ƙasar Bama

Maimakon jami'a, sai ya shiga aikin 'yan sandan mulkin mallaka a 1922, aka tura shi Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Ya yi shekara 5 a can, ya zauna a garuruwa kamar Mandalay da Insein, inda babban gidan yari yake, da Moulmein da Katha. Yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana kula da tsaron dubban mutane, yana karɓar rahoton 'yan leƙen asiri, yana ganin fursunoni da tabon bulala a jikinsu.

Rubuce-rubuce biyu gajeru da ya yi kan wannan lokaci sun isa su nuna abin da ya faru a zuciyarsa. A na farko, wanda aka buga a 1931, ya ba da labarin wani fursuna da ake kaiwa wurin rataya da sassafe. Suna cikin tafiya sai mutumin ya ɗan kauce don kada ya taka wani ruwa da ya taru a hanya. Wannan 'yar kaucewa ce ta farkar da marubucin cewa wanda za a kashe ɗin nan mutum ne lafiyayye, mai gani, mai tunani, wanda ko a wannan hali ba ya son ƙafarsa ta jiƙe. A na biyu, na 1936, labarin wata giwa ce da ta ɓalle a Moulmein ta kashe wani lebura. Kafin ya isa wurin da bindiga, giwar ta huce tana kiwo abinta, kuma ya san babu dalilin harbinta. Amma taron mutane fiye da dubu biyu na bayansa suna jira, shi kuma Bature ba ya son a yi masa dariya. Sai ya harbe ta. Abin da ya fahimta a ranar shi ne, mai mulkin danniya shi ma ɗaurarre ne. Dole ya yi ta aikata abin da ake tsammanin mai ƙarfi zai aikata, ko da zuciyarsa ba ta so.

A 1927 zazzaɓi ya kama shi, ya tafi hutu Ingila, bai sake komawa ba. Ya ajiye aikin. Ƙagaggen labarinsa na farko, Burmese Days, wanda ya fito a 1934, labarin wani Bature ne ɗan kasuwar katako mai suna Flory, wanda ya tsani mulkin mallaka a ransa amma ba ya iya furtawa a kulob ɗin Turawa, domin a can an yarda ka sha giya, ka yi lalaci, amma ba a yarda ka yi tunani dabam da na sauran ba. Mai karatu ya riƙe wannan siffa ta mutumin da ke ɓoye tunaninsa a tsakiyar 'yan'uwansa, domin za mu sake haɗuwa da ita.

Cikin Talakawa

Ya dawo daga Bama da nauyin laifi a zuciya, kuma shi da kansa ya bayyana cewa yana jin dole ya yi kaffarar abin da ya aikata. Hanyar da ya zaɓa ita ce ya sauka ƙasa ya shiga cikin waɗanda ake dannewa. Ya sa tsummokara ya riƙa kwana a masaukin marasa galihu a Landan da kewaye. A 1928 ya tafi Faris, babban birnin Faransa, inda kuɗinsa suka ƙare, ya san yunwa, ya yi aikin wanke-wanke a ɗakin girkin wani babban otal. Daga nan littafinsa na farko ya fito a 1933, Down and Out in Paris and London. A kansa ne ya fara amfani da sunan George Orwell, don kada ya kunyata iyayensa. Orwell ɗin sunan wani kogi ne a gabashin Ingila.

A farkon 1936 ya yi kusan wata biyu a arewacin Ingila, a garuruwan Wigan da Barnsley da Sheffield, ya shiga ramukan haƙar kwal yana tafiya a duƙe, ya zauna a gidajen marasa aikin yi. Wannan ya mai da shi mai ra'ayin gurguzu, wato mai son a raba arzikin ƙasa da adalci. Amma tun a littafin da ya rubuta kan tafiyar, The Road to Wigan Pier, halinsa ya bayyana: rabin farko kan wahalar leburori, rabi na biyu kuwa suka ce ga 'yan bokon gurguzu da ke son aƙida fiye da son talakan da suke magana da yawunsa. Sukar ta yi zafi har mai buga littafin, Victor Gollancz, ya rubuta gabatarwa yana nesanta kansa da ita.

Sifen: Inda Idonsa Ya Buɗe

A nan ne, a ganina, aka haifi marubucin da duniya ta sani. A watan Yulin 1936 yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasar Sifen, bayan sojoji, waɗanda Janar Franco ya zama jagoransu, sun yi wa zaɓaɓɓiyar gwamnati tawaye. Hitler da Mussolini suka mara wa Franco baya, Stalin kuma ya riƙa sayar wa gwamnati makamai, abin da ya ba 'yan Kwaminis masu biyayya ga Mosko ƙarfin faɗa-a-ji a ɓangaren gwamnati. Orwell ya isa birnin Basalona a ƙarshen Disambar 1936, ya shiga rundunar wata ƙaramar jam'iyyar 'yan gurguzu mai suna POUM, wadda ke yaƙar Franco amma ba ta yarda da Stalin ba. A lokacin bai ɗauki wannan bambanci da muhimmanci ba. Shi dai ya zo yaƙar Franco ne. Ya yi kusan wata huɗu a ramukan yaƙi na yankin Aragon, cikin sanyi da ƙwarƙwata da ɓeraye.

A farkon Mayun 1937 yana hutu a Basalona sai rikici ya tashi tsakanin mutanen ɓangare guda. 'Yan sandan gwamnati suka yi yunƙurin ƙwace babban ofishin tarho daga hannun ma'aikatan da ke riƙe da shi, aka yi kwanaki ana harbe-harbe a titi. Orwell ya yi kwanaki a kan rufin wani gidan siliman yana gadin ofishin POUM. Ya ga abin da ya faru da idonsa. Da ya buɗe jaridun 'yan Kwaminis na Sifen da na Landan, sai ya karanta cewa wai POUM ce ta shirya tawaye bisa umarnin Franco da Hitler, wai 'yan cikinta maciya amana ne da ake biya. Waɗanda ake kira maciya amana ɗin kuwa su ne samarin da ya bari a ramukan Aragon, wasunsu 'yan shekara 15 ko 16, suna mutuwa a gaban bindigogin Franco.

Ya koma fagen fama, kuma ranar 20 ga Mayu, a kusa da garin Huesca, harsashi ya ratsa maƙogwaronsa. Saura ƙiris ya tsinka babbar jijiyar jini. Yana jinya aka haramta POUM a tsakiyar watan Yuni. Aka kama shugabanta Andrés Nin, jami'an leƙen asirin Sobiyet suka azabtar da shi suka kashe shi, sannan aka baza labarin cewa wai abokansa 'yan Franco ne suka kuɓutar da shi. Aka jefa kwamandan Orwell, Georges Kopp, a kurkuku. Wani matashi abokin yaƙinsa, Bob Smillie, ya mutu a gidan yari a Valencia. 'Yan sanda suka shiga ɗakin matarsa Eileen a otal da dare suka kwashe takardunsa. Shi kuwa, da rauninsa a wuya, ya riƙa kwana a kango, da rana ya yi shigar baƙo mai yawon buɗe ido, har suka samu suka tsallaka Faransa a jirgin ƙasa ranar 23 ga Yuni. Bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa aka gano wata takarda da aka shirya wa kotun leƙen asiri da cin amanar ƙasa a Valencia, ɗauke da sunansa da na matarsa.

Da ya koma Ingila da niyyar faɗin abin da ya gani, sai ya ci karo da wani bango. Editan mujallar New Statesman, Kingsley Martin, ya ƙi buga rubutunsa. Gollancz ya ƙi karɓar littafin tun kafin a rubuta shi. Hujjarsu ita ce, faɗin wannan gaskiya zai amfani Franco. Da littafin, Homage to Catalonia, ya fito a 1938 ta hannun wani kamfani, kofe 1,500 aka buga, kuma har ya mutu ba su ƙare ba.

Daga baya ya rubuta cewa a Sifen ne ya fara ganin jaridu suna ba da labarin manyan gumurzu a inda ko harsashi ɗaya ba a harba ba, suna kuma yin shiru a inda aka kashe ɗaruruwa. Abin da ya tsorata shi fiye da harsashin da ya sha shi ne tunanin cewa wannan ƙarya ce za ta shiga littattafan tarihi, waɗanda suka shaida gaskiya su mutu, ƙaryar ta zama ita ce abin da ya faru. A wata maƙala ta 1946 ya bayyana cewa duk wani rubutu mai muhimmanci da ya yi tun 1936, ya yi shi ne don yaƙar mulkin kama-karya da kuma goyon bayan gurguzu irin na dimokuraɗiyya.

Shekarun Yaƙin Duniya

Abubuwan da suka biyo baya sun ƙara masa hujja. A Mosko, daga 1936 zuwa 1938, an yi ta gurfanar da manyan jagororin juyin juya halin 1917, suna amsa laifuffukan da hankali ba zai ɗauka ba, ana harbe su, ana goge hotunansu daga cikin tsofaffin hotuna. A Agustan 1939 Stalin ya ƙulla yarjejeniya da Hitler, sai ga waɗanda jiya suke zagin Hitler sun sauya baki. A Yunin 1941 Hitler ya auka wa Sobiyet, suka sake juyawa kamar ba su taɓa faɗin wani abu dabam ba.

Daga 1941 zuwa 1943 Orwell ya yi aiki a gidan rediyon BBC, a sashen da ke watsa shirye-shirye zuwa Indiya, don jawo hankalin Indiyawa su goyi bayan Birtaniya a yaƙin. Wato shi ma ya yi aikin farfaganda, kodayake ya ce ba a taɓa tilasta masa faɗin abin da bai yarda da shi ba. Matarsa kuma ta yi aiki a sashen tace labarai na gwamnati. Ya san yadda ake zaɓen kalma, da yadda ake barin wani labari a ɗauki wani. Ya kuma san Landan ta lokacin yaƙi: abinci da kati, ƙarancin reza, gidaje rusassu. A Yunin 1944 bam ya faɗa kan gidan da yake haya, sai a cikin ɓaraguzai ya tono rubutun Gandun Dabbobi.

Gandun Dabbobi

Ya ce tunanin littafin ya zo masa ne wata rana a ƙauye, da ya ga wani yaro ɗan kimanin shekara 10 yana kora wani ƙaton dokin amalanke yana zabga masa bulala. Sai ya ce a ransa, da dabbobin nan sun san ƙarfinsu, da ba mu isa mu juya su ba, kuma haka masu kuɗi ke yi wa talakawa. Shi kansa makiyayi ne, ya yi kiwon awaki da kaji a ƙauyen Wallington, har akuyarsa Muriel ta samu shiga littafin.

Labarin sananne ne. Dabbobi sun kori manomi sun kafa mulkin daidaito, aladu suka karɓi jagoranci, alade Napoleon ya yi renon karnuka a ɓoye ya kori abokin hamayyarsa Snowball, daga nan duk ɓarnar da ta faru a gandun sai a ce Snowball ne. Kowa ya san Stalin da Trotsky ake nufi. Amma wanda ya san labarin Basalona zai ga POUM a jikin Snowball. Dokoki 7 da aka rubuta a bango kuma, waɗanda ake sauya wa kalmomi da dare, dabbobi su wayi gari suna kokwanton tunaninsu, su ne jaridun nan da ya karanta a Mayun 1937. Doki Boxer, mai aiki ba dare ba rana, wanda aka sayar wa mahauta da ƙarfinsa ya ƙare aladu suka sayi giya da kuɗin, yana ɗauke da kamannin masu haƙar kwal na Wigan da samarin Aragon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya kammala littafin a Fabrairun 1944, lokacin Stalin abokin ƙawancen Birtaniya ne. Gollancz ya ƙi shi. Mawaƙi T. S. Eliot ya ƙi shi a madadin kamfanin Faber. Kamfanin Jonathan Cape ya karɓa sannan ya janye bayan wani jami'in ma'aikatar watsa labarai ya ja masa kunne. Sai ranar 17 ga Agustan 1945, bayan an gama da Hitler, littafin ya fito. Orwell ya rubuta masa gabatarwa wadda ba a buga ba sai 1972, inda ya nuna cewa a Ingila ba doka ce ta toshe bakin mutane ba, masu ilimi ne da kansu suka zaɓi yin shiru saboda tsoron saɓa wa ra'ayin da ake yayi.

1984

Matarsa ta mutu a Maris ɗin 1945 a wurin tiyata, ta bar shi da ƙaramin yaron da suka ɗauka riƙo. A 1946 ya koma wani gida a tsibirin Jura da ke Sikotilan, nesa da mutane, ya fara littafinsa na ƙarshe. A ƙarshen 1947 likitoci suka tabbatar yana da tarin fuka. Da bai samu mai buga masa tafireta ba, shi ya zauna a kan gado ya buga littafin da kansa, ya gama a Disambar 1948. Littafin ya fito ranar 8 ga Yunin 1949, shi kuma ya mutu ranar 21 ga Janairun 1950, yana da shekara 46.

Duba yadda rayuwarsa ta taru a cikinsa. Tauraron labarin, Winston Smith, mai ɓoye tunaninsa ne kamar Flory na Bama. Aikinsa a Ma'aikatar Gaskiya shi ne gyara tsofaffin jaridu su dace da abin da Jam'iyya ke faɗa yau, a jefa na asali a wuta. Wanda aka kashe, sai a goge sunansa a ko'ina, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Akwai wurin da mai jawabi ke zagin ƙasar da ake yaƙi da ita, aka miƙa masa 'yar takarda, ya sauya sunan abokin gaba a tsakiyar magana, taron bai ce uffan ba. Wannan 1939 da 1941 ke nan. Raba duniya tsakanin manyan dauloli uku ya samo shi ne daga taron Tehran na 1943, inda Stalin da Roosevelt da Churchill suka zauna. Ɗakin azaba mai lamba 101, ana danganta lambarsa da wani ɗakin taro na BBC, ɓerayen da aka tsorata Winston da su kuwa sun tuna mana ramukan Aragon. Ya ƙara da allon da ke kallon mutum a cikin ɗakinsa, da hoton Babban Yaya a kowane bango, da sabon harshe da ake rage wa kalmomi kowace shekara don a wayi gari babu kalmar da za a yi tunanin tawaye da ita. Ya amfana da littattafan wasu, kamar na Yevgeny Zamyatin da Arthur Koestler, amma tsoron da ke cikin littafin nasa ne na kansa.

Ƙarshen labarin ba daɗi. Ba a kashe Winston yana jarumi ba, an karya shi ne har ya ci amanar wadda yake so, ya yarda biyu da biyu biyar ne, ya koma yana ƙaunar wanda ya azabtar da shi. Da wasu a Amurka suka ɗauki littafin a matsayin suka ga jam'iyyar Leba mai mulkin Birtaniya a lokacin, Orwell ya fitar da bayani daga gadon asibiti cewa ba haka ba ne. Ya sa labarin a Landan ne don ya nuna cewa Turawan Ingila ba su fi kowa ba, wannan mulki zai iya kafuwa a ko'ina in ba a yaƙe shi ba.

Tabon da Ke Jikinsa

Adalci ya sa dole in ambaci wannan. A 1949, yana kwance, ya ba wani sashen farfaganda na ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya sunayen mutum 38, ciki har da ɗan wasa Charlie Chaplin, waɗanda yake ganin suna da kusanci da Kwaminisanci, don kada a ba su aikin rubutu. An saki takardar a 2003. Masu kare shi sun ce ba a kama kowa ba saboda ita. Ni dai ina ganin mutumin da aka taɓa rubuta sunansa a takardar Valencia ya fi kowa cancantar ƙin rubuta sunan wani. Abin da ya gani a Sifen ya buɗe masa ido, ya kuma bar masa zargi mai yawa a zuciya.

Bayan mutuwarsa kuma hukumar leƙen asiri ta Amurka, CIA, ta ba da kuɗin yin fim ɗin zane na Gandun Dabbobi a 1954, aka sauya ƙarshensa. A littafin, aladu da manoma ne suka zauna teburi guda har aka kasa bambance su, wato suka ce ga ɓangarorin biyu. Masu fim suka rage wannan kaifi, suka ƙare da dabbobi suna yi wa aladu bore. Littafin da aka rubuta kan sauya rubutu da dare, shi ma an sauya shi.

Kammalawa

A Tarayyar Sobiyet ba a yarda an buga littattafan nan ba sai ƙarshen shekarun 1980. A Bama, wadda sojoji suka ƙwace a 1962, wata marubuciya mai amfani da sunan Emma Larkin ta ruwaito a littafinta na 2004 cewa mutanen ƙasar kan yi raha su ce Orwell littafi uku ya rubuta a kansu: na farko kan mulkin mallaka, sauran biyun kan abin da ya biyo baya. A 2013, da Edward Snowden ya fallasa yadda hukumomin Amurka ke tattara bayanan wayoyi da na intanet, cinikin 1984 ya tashi.

Marubuta da yawa a zamaninsa sun soki Hitler, kuma sun kyauta, amma sukar abokin gaba ba ta da tsada. Orwell ɗan gurguzu ne har ya mutu, kuma ƙaryar da ya fi tonawa ta 'yan gurguzu ce, a lokacin da faɗinta ke sa mutum ya rasa abokai da masu buga masa littafi. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ga mu yau, kowannenmu yana da ɓangaren da yake so, na siyasa ko na ra'ayi, kuma labari kan iso wayarmu kafin mu wanke ido. Idan labarin ya ɓata wanda muke ƙi, hannu na rawa muke tura shi gaba. Idan ya taɓa namu, sai mu ce ba yanzu ba, maƙiya za su ji daɗi. Wannan ita ce hujjar da aka ba Orwell a 1937. Don haka shawarata ga mai karatu ita ce, in ya sake ɗaukar Gandun Dabbobi, kada ya tsaya ga neman wane shugaba ne Napoleon. Ya dubi dabbobin da suka tsaya a gaban bango, suka ji a ransu cewa rubutun jiya ba haka yake ba, amma suka yi shiru suka koma bakin aiki.

Allah Ya ba mu ikon gane gaskiya da faɗinta, ko da a kanmu take.